Yadda Ake Bin Sawun Sojan Da Ya Tafi Yaƙi Bai Dawo Ba: Bayani Ga Jama'ar Mindif Da Kewaye

 

'Yan uwa, a ƙasar Mindif da Marwa da Kaele, har zuwa Garwa, akwai gidaje da dama da idan ana lissafin kakanni sai a zo kan wani suna a tsaya. A ce wane ya tafi soja zamanin Jamus, ko zamanin Faransa, ko ya haura Yola ya shiga sojan Ingila, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu kabari, babu ranar rasuwa, babu wanda ya zo ya yi wa iyalinsa ta'aziyya. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo yankin Arewa Mai Nisa a 2014 kuma, wasu sababbin gidaje sun shiga wannan hali.

Abin da muke so jama'a su gane shi ne, soja ya bambanta da sauran matafiya. Falke ko almajiri ko mai niyyar hajji ta ƙasa yana iya ɓata ba tare da wani ya taɓa rubuta sunansa ba. Soja kuwa ba ya karɓar kaki da bindiga da albashi sai an shigar da shi rajista an ba shi lamba. Don haka sau da yawa sunan yana nan kwance a wani kundi. Aikin shi ne a gane kundin wace gwamnati ne, a kuma gane yadda magatakarda ya lanƙwasa sunan lokacin da yake rubutawa.

Me ya sa za mu damu da wannan bincike?

Musulunci bai yarda a bar wanda ya faɗi a fagen fama ya shuɗe ba suna ba. A shekara ta 3 bayan Hijira, sahabbai saba'in suka yi shahada a Uhudu, malaman sira kuma suka jera sunayensu gida-gida. Jabir ɗan Abdullahi (RA), wanda aka binne mahaifinsa tare da wani sahabi a kabari ɗaya, ya koma bayan wata shida ya mayar da shi kabarinsa shi kaɗai. A shekara ta 8, da aka yi yaƙin Mu'uta, Manzon Allah (SAW) da kansa ya sanar da mutanen Madina rasuwar Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha, kowa da sunansa, ya kuma sa a yi wa iyalin Ja'afar abinci. Sayyidina Umar (RA) a zamanin halifancinsa ya kafa diwani, wato rajistar mayaƙa, domin a san kowa da haƙƙinsa da na iyalinsa.

Akwai kuma hukunce-hukuncen da suka rataya a kan sanin ko mutum ya mutu ko yana raye. A fiƙihun Malikiyya wanda ya ɓata ana kiransa mafƙudi. Littafin Risala ya kawo cewa ana yanka wa matarsa shekara huɗu daga lokacin da ta kai ƙara aka kuma gama nemansa, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye ya shuɗe. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ya ɓata a tafiya, da wanda ya ɓata a tsakiyar gumurzu, da wanda aka kama fursuna, kowanne da hukuncinsa a hannun alƙali. Amma dukkansu da bincike suke farawa. Ashe nema wani yanki ne na hukuncin kansa.

Wani zai ce ai waɗannan mutane Nasara suka yi wa yaƙi, mene ne namu a ciki? Sai mu ce hisabinsu yana wurin Allah, mu ba mu yanke wa kowa shahada ko rashinta. Da yawansu ma kama su aka yi, domin Turawa sukan ɗora wa sarakuna adadin mazajen da za su kawo. Ko ta yaya suka tafi, iyayen wasu ne, kakannin wasu ne, kuma kiyaye nasaba da yi wa mamaci addu'a haƙƙi ne da ba ya faɗuwa saboda launin kaki.

Tambayar farko: kakin wa ya sa?

Ƙasarmu ta ga rundunoni uku na Turawa a cikin shekara ƙasa da hamsin, kowace kuma ta tafi da takardunta gida. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola a kusa da Marwa a Janairun 1902, suka ci gaba da ɗibar samari cikin rundunarsu mai suna Schutztruppe.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, arewacin Kamaru ya zama fagen fama. A ƙarshen Agusta, sojan Ingila suka taso daga Yola suka faɗa wa ganuwar Jamus a Garwa, aka kore su, kwamandansu Laftanar Kanar Maclear yana cikin waɗanda aka kashe. Sai ranar 10 ga Yunin 1915 Garwa ta sallama ga haɗin gwiwar Ingila da Faransa. Faransawa kuwa daga Cadi suka shigo ta Kusuri da Marwa. A kan dutsen Mora, Kyaftin von Raben da sojojinsa suka ja daga wajen wata goma sha takwas, ba su ajiye makamai ba sai 18 ga Fabrairun 1916, su ne na ƙarshe a duk Kamaru. A waɗannan fagage duka, hafsoshi ne kawai Turawa. Masu harbi da waɗanda ake harbi a kowane ɓangare 'yan ƙasa ne: Hausawa, Fulani, Barebari, Sara da sauran ƙabilu. Bayansu kuma ga dubban 'yan dako da cuta da yunwa suka hallaka a hanya.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, Cadi ta bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agustan 1940, washegari Leclerc ya sauka Duwala Kamaru ma ta bi. Daga nan aka ɗebi samari zuwa Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, inda aka tashi zuwa hamadar Libiya aka ci Kufra a farkon Maris na 1941, daga baya aka shiga Fezzan. An kuma haɗa bataliyoyi a cikin Kamaru da suka yi yaƙi a arewacin Afirka da Italiya da Faransa. 'Yan uwanmu na gefen Mubi da Gwoza da Dikwa, waɗanda ke hannun Ingila a lokacin, su kuma rundunar Najeriya suka shiga, aka kai su Habasha da ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau.

Mutum ɗaya yana iya bayyana a kundi biyu. Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a yaƙin farko, ya shiga rundunarsu, ya kai muƙamin samanja, ya yi yaƙin Bama, yau ga barikin soja a Lokoja da sunansa. Saboda haka idan ba a sami mutum a ɓangaren da ake zato ba, a leƙa ɗaya ɓangaren kafin a fid da rai.

Inda takardun Faransa suke

Ga mutanen Mindif da Marwa da Garwa, nan ne ya fi dacewa a fara. Ma'aikatar tsaron Faransa ta buɗe shafin intanet mai suna Mémoire des hommes a 2003, kuma duba shi kyauta ne. A cikinsa akwai katuna fiye da miliyan 1.3 na waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 aka ba su shaidar da ake kira Mort pour la France, wadda dokar 2 ga Yulin 1915 ta ƙirƙira. Kowane kati yana nuna suna, muƙami, runduna, lamba, ranar mutuwa, wurin mutuwa da sanadinta. Akwai wani jerin na sojojin da suka rasu a yaƙi na biyu. Akwai kuma hotunan littattafan da kowace runduna ke rubuta tafiyarta kullum a yaƙin farko, waɗanda ke nuna inda take a ranar da mutum ya faɗi.

Kada kalmar sénégalais ta ruɗe mu. Faransawa suna kiran sojojin ƙasa baƙar fata tirailleurs sénégalais ko daga ina suka fito. Rundunar Cadi da kanta sunanta Régiment de tirailleurs sénégalais du Tchad, alhali mafi yawan mutanenta ba su taɓa ganin Senegal ba.

Abin da ba a sa a intanet ba yana gidajen adana takardun soja guda uku. Na garin Caen yana riƙe da fayilolin waɗanda suka mutu ko suka ɓata a yaƙi. Na garin Pau yana riƙe da takardun aikin ƙananan sojoji, har da na ƙasashen da Faransa ta mulka, magaji kuma yana iya rubuta wasiƙa ya nemi takardar da ake kira état signalétique et des services, wadda ke jera ranar ɗauka da wuraren da aka kai mutum. Na Vincennes kusa da Paris yana riƙe da takardun rundunoni da na waɗanda aka tabbatar sun yi yaƙi tare da de Gaulle. Wasiƙar da Faransanci ake rubuta ta, a haɗa da shaidar dangantaka.

Inda takardun Ingila suke

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, tana da shafin da ake neman mamaci da suna ko da lamba ko da runduna, shi ma kyauta. Rundunar da za a nema ita ce Nigeria Regiment ta West African Frontier Force. Sojojinta da ba a san kabarinsu ba an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan tunawa a Zariya da Lokoja da Ibadan da Kalaba da Abuja. Waɗanda suka ɓata a Bama suna cikin sunaye kusan 27,000 da ke bangon tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon. Littattafan tafiyar bataliyoyi da jerin waɗanda aka ba lambobin yabo suna babban gidan adana takardu na Kew a Landan. A kusa da mu kuma akwai gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, sojoji kuma suna aiko mata da wasiƙu daga fagen fama.

Inda takardun Jamus suke

Nan ne aka fi samun giɓi. Gidan adana takardun sojan Jamus da ke Potsdam ya ƙone a ruwan bama-baman Afrilun 1945, takardu masu yawa suka tafi da shi. Abin da ya tsira na ma'aikatar mulkin mallaka yana gidan adana takardun tarayya a Balin, wani kaso na takardun zamanin Jamus kuma yana gidan adana takardun ƙasa a Yawunde. Ya kamata a san cewa a farkon 1916 dubban sojojin ƙasa sun bi hafsoshinsu na Jamus suka tsallaka yankin da Sifen ke mulki, aka tsare su a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau. Wanda gidansu ke cewa ya mutu a yaƙin Jamus yana yiwuwa can ajalinsa ya same shi, ko kuma da aka sallame su ya zauna a kudu ya bar zuriya.

Sunan da magatakarda ya rubuta

Mafi yawan masu bincike a nan suke tuntuɓe. Baturen da ke rajista yana rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan harshensa. Umaru a wurin Bafaranshe shi ne Oumarou ko Oumar, Usmanu ya zama Ousmanou, Buba ya zama Bouba, Muhammadu kuma yana iya fitowa Mahamat ko Mamadou ko Hamadou. A wurin Ingilishi ana samun Momadu da Awudu da Garuba da Osuman. Ingilishi sukan haɗa sunan mutum da na garinsa, don haka mutumin Marwa yana iya fitowa da Marua a matsayin suna na biyu, na Garwa da Garua. Mindif kanta a tsofaffin taswirorin Jamus Mendif ake rubuta ta. Faransawa sukan sa suna ɗaya tilo, su ƙiyasta shekarar haihuwa, su rubuta babban garin mulki maimakon ƙauye, saboda haka mutumin ƙasar Mindif sai a neme shi ƙarƙashin Marwa da Kaele.

Wasu sun shiga da laƙabi, wasu da sunan ɗan uwan da suka tafi a madadinsa, wasu kuma da gangan suka canza suna don kada a gano gidansu. Shi ya sa lamba ta fi suna amfani. Hamadu ɗari suna iya kasancewa a runduna ɗaya, amma kowanne da lambarsa, wadda Faransawa ke kira matricule.

A fara daga gida

Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe labarin wanda ya tafi da wanda ya bari. A tambayi sunan yanka da laƙabi da sunan mahaifi, da unguwa ko ƙauye, da sunan lamiɗo ko lawan ko jauron da ke kan gado lokacin da aka ɗauke shi. Tsoho ba zai ce 1941 ba, amma zai ce zamanin Lamiɗo wane, ko shekarar fāra, ko shekarar da aka haifi wance, daga nan ɗalibi zai fitar da shekara. A tambayi ta wace hanya aka bi da su, da su wa suka tafi tare, da wa ya dawo. Gidan wanda ya dawo yakan ajiye ɗan littafin soja ko takardar fansho, kuma sunan bataliyar da ke ciki sau da yawa shi ne na abokin tafiyarsa da bai dawo ba.

A buɗe tsofaffin adakoki da gafakokin malamai. Lambar yabo ta Ingila ta yaƙin farko tana ɗauke da suna da lamba a gefenta ko a bayanta. Wasiƙar ajami, hoto, ko ƙarfen wuya mai lamba, duk a ɗauki hotonsu da waya a ajiye, kada a ba kowa na asali. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, da irin wannan zama a gaban tsofaffi ya tattara tarihin lamidodin arewacin Kamaru. Ɗalibanmu na jami'o'in Marwa da Garwa da Ngaundere suna da abin koyi a gida.

Takarda ba wahayi ba ce

Rashin ganin suna a kundi ba ya nufin dattijan gida sun yi ƙarya. A Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar kaburburan Commonwealth ta kafa ya bayyana cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawansu 'yan gabashin Afirka da Masar, da suka mutu a hidimar Ingila a yaƙin farko ba a tuna da su da suna ba, wasu ma ba a tuna da su ko kaɗan ba. Wasu 45,000 zuwa 54,000, har da 'yan Afirka ta Yamma, ba a daidaita su da Turawa wajen tunawa ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa.

A ɓangaren Faransa kuma, ranar 1 ga Disambar 1944 aka buɗe wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu. Rahoton soja ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi suka ce adadin ya fi haka nesa. Sai a 2024, bayan shekara 80, aka ba shida daga cikinsu shaidar Mort pour la France. Darasin shi ne a auna takarda da labarin baka, a auna labarin baka da takarda, kamar yadda malaman hadisi ke gwada ruwaya da ruwaya.

Waɗanda suka faɗi a zamaninmu

Yaƙin Fotokol da Kolofata da Amchide da Darak bai zama tarihi ba tukuna, zawarawa da marayunsa suna cikin sahunmu. A nan jinkiri yana jawo asarar haƙƙi. Iyalin sojan da ya rasu su nemi sanarwar rasuwa a rubuce daga rundunarsa, su yi takardar mutuwa a ofishin magajin gari cikin wa'adi, domin idan wa'adi ya wuce sai ta hanyar kotu. Su yi zaman dangi a rubuta, su karɓi hukuncin kotu mai tabbatar da magada, wanda ake kira jugement d'hérédité, su tanadi takardar aure da takardun haihuwar yara. Auren da aka ɗaura a masallaci kawai ba a yi masa rajista ba yakan jefa matar cikin wahala wajen neman fansho, saboda haka muna kira ga sojojinmu da ke raye su gyara wannan tun yau. Hukumar tsofaffin sojoji ta ƙasa, ONACAM, tana cikin wuraren da za a nemi jagora. Wanda nasa ya ɓata ba a ga gawa ba, ya kai bayani ga ƙungiyar Red Cross, wadda ke da sashen neman ɓatattu da ofis a Marwa, ya kuma je wurin malamai da alƙali kafin a yi maganar takaba ko rabon gado.

Akwai kuma 'yan sintirin ƙauyuka da suka mutu suna tsare garuruwansu. Su ba su da lambar soja. Idan mu ba mu rubuta su ba, za su bi sahun 'yan dakon 1915.

Muna gargaɗin jama'a game da 'yan damfara masu yawo suna cewa Faransa ta ware kuɗi ga jikokin tsofaffin sojoji, a kawo kuɗin cike takarda. Wanda kakansa ya rasu a 1915 ko 1942 kada ya shiga wannan bincike da sa ran dukiya. Ribarsa ita ce sanin rana da wuri, da gyara nasaba, da addu'a.

Aikin da ke kanmu

Muna ba kwamitin kowane masallacin Juma'a shawara ya sayi littafi ɗaya mai kauri, ya ɗora wa ɗalibai biyu ko uku, ɗaya mai Faransanci, ɗaya mai Ingilishi, ɗaya mai ajami. Kowane shafi mutum ɗaya: sunansa da duk yadda ake iya rubuta shi, mahaifinsa, ƙauyensa, zamanin tafiyarsa, rundunarsa, lambarsa in an samu, wanda ya ba da labarin da ranar da ya bayar. A fara da gidajen da ke da tsofaffi mafi shekaru, domin takardun Caen da Kew za su jira mu, tsohuwar da ta san sunan ba za ta jira ba. Idan an gano wani, a sanar da danginsa cikin natsuwa da ladabi, a bar musu zaɓin bayyanawa ko sirrantawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san makwancinsu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Allah Ya bayyana ɓatattunmu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.